Maganin Ƙanjamau: Abin da Ke Sa Ya Ci, da Abin da Ke Karya Shi

An yi wannan ɗan littafi ne domin gidan da a ke da mai shan maganin ƙanjamau, ko maigida ne, ko matarsa, ko yaro. In ka iya karatu, karanta wa waɗanda ba su iya ba. Ko da babu mai wannan cuta a gidanku, ka karanta, gama ba ka san wanda zai zo neman shawara wurinka gobe ba.

Sau da yawa a kan ga mutum biyu, garinsu ɗaya, asibitinsu ɗaya, maganin da a ke ba su kuma iri ɗaya. Bayan shekara guda sai ka ga ɗaya ya murmure, ya koma gona yana noma kamar kowa. Ɗayan kuwa sai rama, yau zawo, gobe tari. Mutane su kan ce wai jininsa ne bai karɓi maganin ba. Ba safai a ke samun haka ba. Galibi akwai dalili, kuma yawancin dalilan nan a cikin gida su ke, watau mutanen gida suna da ikon gyara su. Su za mu duba.

Yadda cutar ta ke a jiki

Abin da ke kawo ƙanjamau wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta. Likitoci suna kiranta HIV. A 1981 aka fara lura da cutar a Amurka, a 1983 masana a Faransa suka gano ƙwayar, a 1986 kuma aka ba da labarin mutum na farko da aka same shi da ita a Nijeriya.

A cikin jinin kowa akwai waɗansu halittu masu tsaron jiki, kamar dakarun sarki. Sunansu a asibiti CD4. Su ne ke shirya yaƙi in wata cuta ta shigo. To, waɗannan dakaru su ƙwayar ƙanjamau ta ke shiga, ta hayayyafa a cikinsu, ta kashe su. In babu magani tana haifar miliyoyi bisa miliyoyi kowace rana. Awon dakarun mai lafiya ya kan kasance tsakanin 500 da 1,500. In ya sauka ƙasa da 200, gari ya zama ba ganuwa, kowace cuta sai ta shigo yadda ta ga dama.

Aikin maganin

Da farko babu magani. A 1996 likitoci suka tabbatar da cewa in an haɗa magani iri uku a ka sha tare, ƙwayar ba ta iya hayayyafa. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta fara ba da shi da rahusa, a 2006 ta mai da shi kyauta. Maganin da yawancin manya su ke sha yanzu ƙwaya ɗaya ce tak a rana, amma magani uku ne a cikinta: tenofobir, da lamibudin, da dolutegirabir. A asibiti a kan taƙaita sunan, a ce TLD.

Ga abin da ya kamata ka riƙe da kyau. Maganin nan ba ya kashe cutar ƙurmus. Hana ta haihuwa ya ke yi. Kai manomi ne, ka san wuta-wuta a gonar gero. Ka tuge ta bana, gona ta yi fes, amma irinta yana nan kwance cikin ƙasa, yana iya yin shekaru yana jira. Haka ƙwayar nan ta ke. Tana da maɓoya a jiki inda magani ba ya fid da ita. Muddin akwai magani a jini, sai ta kwanta shiru, dakarun jiki su sake yawa, mutum ya yi tsawon rai yana aikinsa. Ran da magani ya ƙare a jini sai ta farka. Cikin 'yan makonni ta sake cika jini.

Magani kuwa ba ya zama a jini. Hanta da ƙoda suna ta fid da shi dare da rana, kamar randa mai yoyo. Abin da ka zuba da safen yau, kafin safen gobe ya yi ƙasa. Shi ya sa a ke sha kullum, a kan lokaci guda, har iyakar rai. Duk sauran maganar da ke cikin littafin nan a kan wannan randa ta ke: me ke hana a zuba mata ruwa, me kuma ke ƙara mata yoyo.

Tsallake rana

Wannan shi ne babban abin da ke karya magani, ya fi dukan sauran.

Mutum ya kan ce, "Kwana biyu kaɗai na bari, me zai faru?" Ga abin da ke faruwa. Sa'ad da magani ya yi ƙasa a jini, bai ƙare ba, bai kuma isa ba, sai ƙwayar ta sami damar haihuwa a gabansa. 'Ya'yan da ta ke haifa ba duka su ke kama ɗaya ba, tana yawan sāke kama. A cikinsu sai a sami wadda maganin ba ya yi mata kome. Sauran su mutu in an koma shan magani, ita kuwa ta tsira, ta hayayyafa, ta gaje jikin. Daga ranar ko mutum ya sha maganin nan kullum ba fashi, ba zai ci ba. Wannan shi a ke kira bijirewar cuta. Ka taɓa ganin ƙwarin wake da a ka yi ta fesa wa magani tsarma-tsarma har suka daina mutuwa? To, haka ne.

Maganin TLD yana da ƙarfi, ƙwayar ba ta saurin bijire masa kamar yadda ta ke yi wa magungunan da. Amma ba a ce ba ta iyawa ba. In kuwa ta bijire, sai a koma magani na biyu, wanda ya fi yawan ƙwayoyi, ya fi tsada wa hukuma, ba kuma kowane ƙaramin asibiti ke da shi ba. Har wa yau, mai ɗauke da ƙwaya mai bijirewa yana iya sa wa matarsa ita, ta fara da cutar da maganin farko ba zai ci ba.

Saboda haka zaɓi lokacin da ba ka mantawa, ka ɗaure maganin a jikinsa. Wani ya kan sha bayan sallar asuba, wani sa'ad da za a saki dabbobi, wani in an fara labaran safe a rediyo. Mai wayar hannu ya sa ta riƙa yi masa ƙara. In ka manta, sha da zarar ka tuna. In kuwa ba ka tuna ba sai da lokacin na gaba ya yi kusa, bar wancan, ka sha na gaba a kan lokacinsa. Kada ka haɗa biyu don ramuwa.

Kada kuma a raba magani. A kan sami miji yana karɓowa daga asibiti, matarsa ba ta taɓa zuwa awo ba, sai ya riƙa ba ta daga nasa don tausayi. Maganin wata ɗaya ya ƙare cikin kwana 15, su biyu su zauna ba kome. Wannan tausayi cutarwa ne. Ka kai ta asibiti a auna ta, in tana da ita a buɗe mata nata katin.

Abin da ke sa mutane su bari

Babu wanda ya ke barin magani don yana son mutuwa. Kowa da dalilinsa.

Na farko jin sauƙi. Mutum ya zo asibiti a kan gadon kara, bayan wata shida ya ga ya yi ƙiba, yana ɗaukar buhu, sai ya ce ya warke. Ƙibar nan aikin magani ce, ba alamar cuta ta fita ba ce. Wanda ya bari ya kan yi watanni bai ji kome ba, shi ya sa ya ke ruɗuwa. Gara ma tana cin azara da daɗewa kafin ɗaki ya rufta.

Na biyu kunya da ɓoyo, kuma a ƙauye wannan ya fi kome wuya. Mace tana shan magani ba da sanin mijinta ba, ko ba da sanin abokiyar zamanta ba. Ta tura kwalbar cikin buhun hatsi, ba ta iya ɗaukowa sai ɗaki ya zama ba kowa. Ran da aka yi baƙi ko biki, ba magani ke nan. Ranar asibiti kuma sai ta nemi ƙaryar da za ta fita da ita. Namiji kuwa ya kan wuce asibitin da ke kusa don kada a gan shi, ya tafi gari mai nisa, ran da babu kuɗin mota ya zauna. Ba a ce ka yi shela a kasuwa ba. Amma lalle ka sami mutum ɗaya amintacce wanda ya sani, ya riƙa tuna maka, ya karɓo maka ran da ba ka iya tashi. In faɗa wa miji ko mata ya yi nauyi, ko mace tana tsoron duka ko saki, a gaya wa ma'aikacin asibiti. Sun saba da wannan, su kan kira mutum biyu su yi musu bayani tare.

Kai maigida, a nan nauyin ya ke wuyanka. In an sami ɗaya a gidanka da cutar, kai da dukan matanka da ƙananan 'ya'yan wadda a ka samu sai ku je awo. Kada a tsaya binciken wa ya kawo. Mutum ya kan yi shekaru da ita bai sani ba, wanda aka fara ganowa kuwa ba lalle ne shi ya fara ɗauka ba. Ka sani kuma ba a ɗaukar ta ta cin tuwo a ƙwarya ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko gaisawa, ko cizon sauro. Ba dalilin ware wa kowa kwano. Gidan da a ke ware mutum, nan a ke ɓoye magani. Akwai ma dokar tarayya ta 2014 wadda ta hana a wulakanta mutum ko a kore shi daga aiki saboda wannan cuta.

Na uku tafiya. Da an gama girbi samari su kan tafi ci-rani Legas, ko Fatakwal, ko Abuja, su yi wata huɗu ko biyar. Makiyayi ya kan bi ruwa da ciyawa. Da damina kuma rafi ya kan cika ya raba ƙauye da asibiti, ga shuka da noma ba sa jira. Duk waɗannan an san lokacinsu tun kafin su zo, don haka a yi shiri. Wanda maganinsa ya ke ci, a kan ba shi na wata uku, har na wata shida, a tafi ɗaya. Faɗa musu tun da wuri cewa za ka yi tafiya. In za ka daɗe, nemi takardar canjin asibiti, ka riƙe katinka a jikinka. In maganin ya ƙare maka a baƙon gari, shiga asibitin gwamnati ka nuna katin. Kada ka je ka ce kai sabo ne, gama ba za su san irin maganin da ka ke sha ba. A wurare da yawa masu shan magani na ƙauye ɗaya su kan haɗa kai, ɗaya ya je ya karɓo wa sauran, su yi karo-karon kuɗin mota. Tambayi asibitinku ko suna da wannan tsari. Kullum ka koma karɓa da sauran maganin mako guda a hannunka. In ka je ka tarar babu, kada ka koma gida ka yi shiru, tambaya inda za a samu.

Sai yunwa. Maganin ya kan buɗe ciki, kafin sabon hatsi ya shigo kuwa rumbu ya kan yi ƙasa. Waɗansu su kan ce ba za su sha magani da cikin wofi ba. TLD ana shansa ko da abinci ko babu. Rashin tuwo ba hujjar barinsa ba ne.

Azumi ma bai hana ba, tun da sau ɗaya a ke sha. Kafin watan ya kama, je ka shawarci asibiti a mai da lokacin zuwa sahur ko bayan buɗa-baki. Likitoci a Kano sun bi masu shan magani cikin watan azumi, suka buga abin da suka gani a 2009: masu azumi sun sāke lokacin sha, amma ba su fi marasa azumi tsallakewa ba. Wanda jikinsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ko wanda a ke ba shi magani safe da yamma, ya tambayi likita da malaminsa, gama marar lafiya yana da rangwame.

Giya da burkutu da ƙwayoyin maye suna sa mantuwa, suna kuma wahal da hanta. Baƙin ciki ma haka. In kun ga mai shan magani ya daina magana, ya daina cin abinci, yana cewa gara ya mutu, kada ku ƙyale shi. Ku raka shi asibiti ku faɗi abin da kuka gani.

Akwai kuma wahalar maganin kansa. A makonnin farko waɗansu su kan ji ciwon kai, ko tashin zuciya, ko rashin barci. Galibi ya kan wuce. Mai rashin barci ya mai da shansa da safe. Amma in ido ya yi rawaya, ko ƙuraje sun feso wa jiki tare da zazzaɓi, ko fitsari ya ragu ƙwarai, a tafi asibiti a ranar.

Masu cewa suna warkarwa

Za ka ji su a kasuwa da lasifika, za ka ji su a waya. Har yau babu sassaƙe, ko jiƙo, ko garin magani da aka tabbatar yana fid da wannan ƙwaya daga jiki. A 2007 shugaban ƙasar Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ƙanjamau da haɗin itatuwa. Aka tara marasa lafiya, aka sa su bar maganin asibiti. Waɗansu suka mutu, waɗanda suka tsira suka koma maganin asibiti, a 2018 kuma waɗansunsu suka kai ƙara kotu. In na shugaban ƙasa bai ci ba, na mai lasifika ne zai ci?

Dabararsu ita ce su ba ka jiƙo kana cikin shan maganin asibiti, sa'an nan su ce ka je awo. Awo ya nuna ba a ga ƙwaya a jini ba, su ce aikinsu ne, ka bar na asibiti. Alhali aikin ƙwayar da ka ke haɗiya kullum ne. Addu'a kuwa ba ta hana shan magani. Yi addu'arka, ka sha maganinka.

Magungunan da ba sa jituwa da shi

Wani ba ya tsallake ko rana ɗaya, duk da haka maganinsa ya ƙi ci. A nan sai a duba me ya ke haɗawa da shi, gama akwai abubuwan da ke ƙara wa randar nan yoyo.

Babba a cikinsu maganin tarin fuka ne. Tarin fuka shi ya fi kowace cuta kashe masu ƙanjamau, kuma yana warkewa in an sha maganinsa wata shida. Amma ɗaya daga cikin magungunansa, rifamfisin, wanda ke mai da fitsari ja, yana sa hanta ta fid da dolutegirabir da sauri. Saboda haka a kan ƙara wa mai tarin fuka wata 'yar ƙwaya ta dolutegirabir, ya sha awa 12 bayan babbar. In wuri dabam a ke ba ka maganin tari, lalle kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ya ke ba ka. Waɗansu magungunan farfaɗiya ma haka su ke yi.

Sai maganin ƙarin jini, da maganin ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan ko ƙwayar taunawa da a ke saya a kemis don gyambon ciki da ƙwarnafi. Waɗannan su kan kama dolutegirabir tun a cikin hanji, su hana shi shiga jini. Ka'ida ita ce a sha maganin ƙanjamau awa 2 kafinsu, ko awa 6 bayansu. Hanya mai sauƙi: ɗaya da safe, ɗaya da dare. Ke mai ciki, wannan ya shafe ki, tun da a kan ba ki maganin ƙarin jini a wurin awon ciki. Kada ki bar ko ɗaya, raba musu lokaci kawai.

Mai ciwon sukari ya faɗa, don a kan rage masa awon wani maganinsa. Mai yawan sayen maganin ciwon jiki bayan aikin gona ya yi hankali, gama shan irinsu kullum tare da tenofobir yana iya taɓa ƙoda. Jiƙo da sassaƙe kuwa ba wanda ya san awon abin da ke cikinsu. Abin da ya fi, ranar asibiti ka zuba duk abin da ka ke sha a leda, na kemis da na gargajiya, ka ajiye gaban ma'aikacin. Ba zai yi maka faɗa ba.

Akwai wani abu kuma. Biyu daga magungunan da ke cikin TLD suna danne wani ciwon hanta da a ke kira nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu. Mai ɗauke da shi in ya bar magani farat ɗaya, hantar tana iya tashi da ƙarfi har ta kai shi kwance.

Fara da wuri

Da a kan jira sai dakarun jini sun ragu kafin a ba da magani. An bar wannan. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi, ko da lafiyarsa lau, Nijeriya kuma ta bi wannan a 2016. Wanda ya fara da ƙarfinsa ya kan ci gaba da aikinsa kamar ba abin da ya faru. Wanda ya zauna sai da ya kwanta, maganin zai danne ƙwayar, amma dakarunsa su kan daɗe ba su komo ba, watannin farko kuma suna da hatsari. Wani lokaci ma jiki ya kan ƙara tsananta bayan an fara, don dakarun da suka farfaɗo sun tarar da wata cuta a ɓoye suna yaƙi da ita. Kada a ce magani ne bai karɓe shi ba a daina. A mai da shi asibiti. In an ba shi Septrin, ko maganin rigakafin tarin fuka, su ma a sha su yadda aka faɗa.

Binciken da aka yi gida-gida a dukan Nijeriya a 2018 ya nuna mutum wajen 1,900,000 ne ke ɗauke da ƙwayar a lokacin. Da yawa ba su da wata alama. Awon kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, kafin ka gama hutawa an faɗa maka.

Mai ciki da yara

In uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 da 45 su kan ɗauka, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. In tana sha yadda ya kamata, ba su kai 5 ba. Don haka mai ciki ba ta barin magani, mai jego ma haka. Lokacin jego ne mata su ka fi sakaci, ga wankan jego, ga tafiya gidan iyaye. Ke uwar mai jego, in kin sani, ki zama mai tuna mata. A haihu a asibiti in da hali. In an haihu a gida, a kai jariri ba da jinkiri ba don a fara ba shi maganin ruwa na kariya, a kuma auna shi yana da mako shida. Nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo.

Maganin yaro da nauyinsa a ke auna shi. Yaro yana girma, awon da ya ishe shi bara ba zai ishe shi bana ba. Saboda haka a riƙa zuwa da shi a ɗora shi a sikeli, kada babba ya riƙa karɓo masa shi kaɗai. Yanzu akwai dolutegirabir na yara wanda ke narkewa a ɗan ruwa, ba shi da ɗaci irin na magungunan da. Kada a gutsura wa yaro na manya. In ya fara wayo zai tambaya don me shi kaɗai ya ke shan magani. Yaron da aka yi ta ruɗinsa ya kan yi tawaye in ya balaga, ya zubar da maganin a ɓoye. Ma'aikatan asibiti za su koya muku yadda za a faɗa masa kaɗan-kaɗan gwargwadon shekarunsa.

Yadda za ka san magani yana ci

Ba a ganewa da ido, ba a kuma ganewa da ƙiba. Awon jini ne kaɗai ke nunawa, wanda a ke kira awon yawan ƙwayar cuta. A kan ɗebi jini bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara. Abin da a ke ƙirgawa shi ne ƙwaya nawa ce a cikin mililita ɗaya na jini, watau kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi.

In lissafin bai wuce 1,000 ba, magani ya danne cutar. Abin da a ke nema ma shi ne ta ragu har na'ura ta kasa ganinta. Wanda ya kai nan, ya kuma ci gaba da shan maganinsa, ba ya sa wa matarsa ko mijinta cutar ta wurin kwanciya. An bi dubban ma'aurata a ƙasashe dabam-dabam shekara da shekaru aka tabbatar da haka. Suna iya zaman aurensu, su haifi 'ya'ya masu lafiya.

In ya wuce 1,000, ba a sāke magani nan take. Za a zauna da kai a bi dalilan nan ɗaya-ɗaya, a gyara, bayan wata uku a sake awo. A nan sai ka faɗi gaskiya. In ka ce ba ka taɓa tsallakewa ba alhali kana tsallakewa, za a iya ɗauke ka daga magani mai kyau a kai ka na biyu ba dalili. Mutane da yawa awonsu ya kan sauka da gyaran sha kaɗai. In bai sauka ba, sa'an nan likita ya duba batun canji.

Jinin da aka ɗiba sau da yawa wani gari a ke kai shi, sakamakon ya kan yi jinkiri. Kada ka ɗauka shiru alheri ne. Duk ran da ka je, ka ce, "Awona ya fito? Nawa ne?" Ka sa a rubuta maka a kati.

Ajiyar magani

Zafi da laima suna lalata shi. Ba a so ya zauna inda zafi ya wuce awo 30, da bazara kuwa ɗakin kwano ya kan wuce haka nesa. Kada ka rataye shi kusa da rufin kwano, ko ka bar shi a taga, ko kusa da murhu, ko cikin akwatin babur. Ɗakin ƙasa ya fi sanyi. Sa kwalbar a cikin busasshiyar tukunya mai murfi, a inda yara ba su kaiwa. Ɗan ƙullin da ka ke gani a cikin kwalbar ba na sha ba ne, laima ya ke tsotsewa, bar shi a ciki, ka riƙa rufe murfin da kyau. In an ba ka kwalba da yawa, gama ɗaya kafin ka buɗe wata. In za ka kwana a kasuwa ko a gona, ɗauki na kwanakin da ƙarin na kwana biyu, ka ƙulle a busasshiyar leda, ka sa a aljihun da rana ba ta bugu.